Muhimman Umarnan Linux na Yau da Kullum: Ma'aunin Zaɓe da Gwajinsu a kan Rubutun Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci ƙananan manhajojin da mai amfani da babbar manhajar Linux yake kira ta layin umarni a ayyukansa na yau da kullum. Manufarta ita ce samar da ma'aunin da za a dogara da shi kafin a kira wani umarni muhimmi, domin jerin sunaye kaɗai ba ya nuna wa ɗalibi abin da zai fara kamawa. An bi takardun jagora na GNU da ƙa'idar POSIX, an auna umarnan da ma'auni huɗu, sannan aka duba yadda suke yi da rubutun Hausa. Nazarin ya gano cewa darajar umarni tana bin yadda yake haɗuwa da 'yan'uwansa ta bututu, kuma wasu misalan da aka gada daga littattafan Unix suna ɓata rubutu mai haruffa masu ƙugiya ba tare da nuna wata alamar kuskure ba.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya fitar da ƙwayar babbar manhajar da ake kira Linux. Ƙwaya ita ce ɓangaren da ke raba ƙwaƙwalwar kwamfuta da lokacinta tsakanin ayyuka, kuma mai amfani ba ya hulɗa da ita kai tsaye. Kayan aikin da yake taɓawa da hannunsa, irin su `ls` da `cp` da `grep`, mafi yawansu na shirin GNU ne, wanda Richard Stallman ya shelanta a 1983. Su ma ɗin an sake rubuta su ne bisa kayan Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a cibiyar binciken Bell ta Amurka a 1969. Ke nan wasu umarnan da ɗalibi yake bugawa yau sun girmi Linux ɗin kanta da kusan shekara ashirin.

Tun Nuwamba 2017 dukkan manyan kwamfutoci 500 da ke jerin TOP500 da Linux suke aiki, kuma ƙwayarta ce ke ƙarƙashin wayoyin Android. Nau'o'inta na tebur, irin su Ubuntu da Linux Mint da Fedora, suna da fuska mai hotuna da ake sarrafawa da linzami. Duk da haka ba a rabu da layin umarni ba. Uwar garken da ake haya a intanet galibi ba ta da fuska mai hotuna. Aikin da za a maimaita a kan fayil ɗari biyar layi guda ne da umarni, da linzami kuwa sai ya ci wuni. Haka nan idan manhaja ta ƙi tashi, a tagar umarni take faɗin dalili.

Matsalar ɗalibi ita ce yawa. Foldar `/usr/bin` a kwamfutar tebur takan ƙunshi manhajoji fiye da dubu, ƙunshin coreutils na GNU kaɗai yana da kusan ɗari. Saboda haka maƙalar ta sa tambaya uku a gaba: me ke sa umarni ya zama muhimmi, waɗanne ne suka cika sharaɗin, kuma shin suna riƙe rubutun Hausa yadda suke riƙe na Ingilishi?

2.0 Waiwayen Ra'ayoyin Magabata

Ra'ayi na farko na waɗanda suka gina Unix ne. Ritchie da Thompson sun bayyana tsarinta a mujallar *Communications of the ACM* a 1974. Douglas McIlroy da abokan aikinsa suka taƙaita falsafarta a *Bell System Technical Journal* a 1978, cewa kowace manhaja ta riƙe aiki guda ta kyautata shi, kuma a sa rai abin da ta fitar wata ce za ta karɓe shi. Brian Kernighan da Rob Pike sun faɗaɗa wannan a littafinsu *The Unix Programming Environment* na 1984, inda suka nuna cewa ƙarfin tsarin ya fi fitowa daga alaƙar manhajojin da juna fiye da kowace ɗaya ita kaɗai.

Hujjar da aka fi kafawa ga wannan ra'ayi ta faru a 1986. Jon Bentley, a filinsa na *Programming Pearls*, ya nemi Donald Knuth ya rubuta manhajar da za ta fito da kalmomin da suka fi yawa a cikin rubutu. Knuth ya kawo manhaja mai shafuka da dama. McIlroy, da aka ba shi ita ya yi sharhi, sai ya yi aikin da umarni shida a jere: `tr` sau biyu, sai `sort`, sai `uniq`, sai `sort` kuma, sai `sed`. Adalci ya wajabta a faɗi cewa burin Knuth shi ne nuna salon rubuta manhaja mai bayanin kanta, ba gasar gajarta ya shiga ba. Za a koma kan wannan jeri na McIlroy a sashe na 4.6, domin a nan ne raunin da ya shafi Hausa yake.

Ra'ayi na biyu na masu suka ne. Donald Norman, masanin halayyar tunanin ɗan Adam, ya rubuta a mujallar *Datamation* a 1981 cewa sunayen umarnan Unix ba su bin ƙa'ida guda, kuma tsarin yana yin shiru a inda ya kamata ya yi wa mai amfani bayani ko gargaɗi. Ben Shneiderman a 1983 ya fifita sarrafawa kai tsaye, wato mutum ya ga abu a allo, ya taɓa shi, ya kuma iya warware abin da ya yi. Littafin *The UNIX-HATERS Handbook* na 1994 ya tattara ire-iren waɗannan koke. Wannan suka tana da gaskiya a muhimmin wuri guda, wato batun goge fayil ba tare da tambaya ba, kuma ita ce ta haifar da ma'auni na huɗu a wannan nazari.

Sai ayyukan da suka zo bayan Linux, irin su maƙalar Neal Stephenson ta 1999 a kan layin umarni, da *The Art of Unix Programming* na Eric Raymond a 2003, da *The Linux Command Line* na William Shotts a 2012. Giɓi biyu aka hango a ayyukan gaba ɗaya. Jagororin masu farawa sukan jera umarni hamsin ko ɗari ba tare da faɗin dalilin zaɓe ba. Sannan kusan duk misalan sarrafa rubutu an gina su ne a kan haruffa 26 na Ingilishi.

3.0 Hanyar Nazari

Nazarin na takardu ne da kwatanci. An dogara da shafukan jagora da ke zuwa tare da manhajojin, da jagorar coreutils ta GNU, da ƙa'idar POSIX wadda hukumar IEEE ta fara fitarwa a 1988, ta ƙara sashen tafinta da kayan aiki a 1992. Misalan an tsara su bisa halayyar sigogin GNU da ke cikin Debian 12 ta 2023 da Ubuntu 24.04 ta 2024. A nan "tafinta" na nufin manhajar da ke karanta layin da aka buga ta kira abin da aka nema, kuma wadda aka ɗauka ita ce Bash, da Brian Fox ya fitar a 1989. "Zaɓi" kuwa shi ne harafi ko kalmar da ake liƙa wa umarni bayan karan ɗori domin sauya aikinsa.

Ma'aunan su ne: (a) buƙata, wato ko aikin da umarnin ke yi yana tasowa a kullum, (b) samuwa, wato ko za a tarar da shi a kowace Linux ba sai an sauke ba, (c) haɗuwa, wato ko yana karɓa daga wani umarni yana kuma miƙa wa wani, (d) kariya, wato girman asarar da rashin saninsa kan jawo. Umarnin da ya cika uku daga cikin huɗu an ɗauke shi muhimmi. Kayan masu gina manhaja da na masu kula da manyan cibiyoyin sadarwa ba sa cikin farfajiyar wannan aiki.

4.0 Nazari

4.1 Zirga-zirga da sarrafa fayil

Wannan rukuni ba ya buƙatar dogon bayani. `pwd` yana faɗin foldar da ake ciki, `ls` yana jera abin da ke cikinta, `cd` yana sauya wuri, `mkdir` yana ƙirƙirar folda, `cp` yana kwafa, `mv` yana matsarwa ko sauya suna. `ls -lh` na nuna girma da izini da kwanan wata, `ls -a` na fito da fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo, waɗanda saituttuka suke ciki. Sama da su duka akwai `man`, mai buɗe shafin jagorar kusan kowane umarni, al'adar da ta faro tun jagorar Unix ta farko a 1971.

Inda ya kamata a tsaya shi ne `rm`. Wannan umarni ba ya kai fayil kwandon shara, gogewa yake yi nan take. Haɗarin yana ninkuwa saboda wata gaskiya da jagorori da yawa suke wucewa a kanta: alamar tauraro ba `rm` ne ke fassara ta ba, tafinta ne. Idan aka buga `rm *.txt`, tafinta zai maye gurbin alamar da sunayen fayilolin da suka ƙare da `.txt` kafin `rm` ya ga komai. Idan yatsa ya zame aka sa tazara, layin ya koma `rm * .txt`, to an miƙa wa `rm` sunan kusan kowane fayil da ke foldar, kuma ba shi da hanyar sanin cewa ba haka aka nufa ba.

Ƙwararru ma ba su tsira ba. A Janairu 2015 an gano layin `rm -rf "$STEAMROOT/"*` a manhajar Steam ta Linux. Idan mazubin da ke riƙe sunan foldar ya zo fanko, layin yakan koma umarnin goge duk abin da mai amfani yake da iko a kansa tun daga tushen faifai. Ranar 31 ga Janairu 2017 kuma wani injiniyan GitLab ya goge foldar rumbun bayanai a babbar uwar garke maimakon ta ko-ta-kwana, kamfanin ya yi asarar bayanan kusan awa shida. Kariyar mai sauƙi ce. A fara buga `ls` da zubin da ake son gogewa, a ga jerin, sannan a sauya `ls` da `rm`. Zaɓin `-I` yana tambaya sau ɗaya idan fayilolin sun haura uku. `cp` da `mv` ma suna danne fayil mai suna iri ɗaya a shiru, sai an sa musu `-i`.

4.2 Bututu da umarnan tace rubutu

McIlroy ya kawo shawarar bututu tun 1964, inda ya kwatanta haɗa manhajoji da ɗaura tiyon ban ruwa wani a bakin wani, Thompson ya gina shi cikin Unix a 1973. Kowace manhaja tana tashi da ƙofa uku: mashiga mai lamba 0, mafita mai lamba 1, da mafitar kuskure mai lamba 2. Alamar `|` tana ɗaure mafitar umarnin hagu da mashigar na dama. Alamar `>` tana karkatar da mafita zuwa fayil ta danne abin da ke ciki, `>>` tana ƙarawa a ƙarshe, `2>` tana ware saƙon kuskure. Wanda ya fahimci waɗannan alamomi huɗu ya fi wanda ya haddace umarni ɗari iya aiki, kuma wannan shi ne babban abin da maƙalar take son kafawa.

Umarnan da suka cika ma'auni na uku sarai su ne `cat` da `head` da `tail` da `grep` da `sort` da `uniq` da `wc` da `sed`, sai `less` da ke tsayawa a ƙarshen bututu domin a karanta shafi-shafi, sai `find` da ke tsayawa a farkonsa. `grep`, wanda Thompson ya ciro daga editan `ed` a 1973, yana fito da layukan da suka dace da zubin nema. `grep -rn` yana bin folda gaba ɗaya ya faɗi sunan fayil da lambar layi. `find` kuwa sunaye da siffofi yake nema: `find ~ -size +100M` zai kawo fayilolin da suka wuce megabayit 100, `find . -mtime -7` waɗanda aka taɓa cikin kwana bakwai. Ga misalin haɗuwa:

`du -h --max-depth=1 ~ | sort -h | tail -5`

Babu ɗaya daga cikin umarnan uku da aka gina domin amsa tambayar "me ya cinye faifaina", amma a haɗe sun fito da foldoji mafiya girma. Tarko biyu ne a wannan rukuni. `uniq` layukan da ke maƙwabtaka kawai yake haɗewa, don haka dole `sort` ya gabace shi. Sannan `sort jeri.txt > jeri.txt` yana barin fayil fanko, domin tafinta yana share shi kafin `sort` ya buɗe shi. Hanyar da ta dace ita ce `sort -o jeri.txt jeri.txt`.

4.3 Izini da iko

Kowane fayil yana da mai shi, da rukuni, da sauran jama'a, kuma kowane ɗayan ukun yana iya samun izinin karantawa mai ƙimar 4, da na rubutawa mai ƙimar 2, da na gudanarwa mai ƙimar 1. Jimillar ita ce lambar da ake ba `chmod`. Don haka 644 na nufin mai fayil ya karanta ya rubuta, sauran su karanta kawai, 755 kuma ta ƙara izinin gudanarwa ga kowa. `chown` yana sauya mai fayil. `sudo`, wanda asalinsa ya koma wajen 1980 a Jami'ar Jihar New York da ke Buffalo, yana ara wa mutum ikon shugaban na'ura na umarni guda, ya kuma rubuta abin da aka yi a kundin tarihi.

Shawarar da ta yi yawa ta cewa a buga `chmod 777` ko a liƙa `sudo` duk lokacin da aka ga an hana izini shawara ce mai cutarwa. Ta farko tana buɗe fayil ga kowane asusu da ke na'urar. Ta biyu takan bar fayilolin da ke gidan mai amfani a hannun `root`, wato shugaban na'ura, sai gobe manhajarsa ta kasa ajiye saitinta. Matakin farko a kullum shi ne `ls -l`, a ga wane ne mai fayil ɗin.

4.4 Duba lafiyar na'ura

`df -h` na nuna sauran wuri a faifai, `free -h` na nuna ƙwaƙwalwa, `ps` da `top` na jera ayyukan da ke gudana, `journalctl` na karanta kundin tarihi a nau'o'in da ke amfani da systemd. A sakamakon `free`, gurbin `available` ne abin dubawa, domin Linux takan cika ƙwaƙwalwar da ba a amfani da ita da kwafin fayiloli, ta sake ta da zarar an buƙata. `kill` yana aika sigina ta 15 idan ba a faɗi wata ba, wadda roƙo ce ga manhaja ta rufe fayilolinta ta fita. Sigina ta 9 ƙwaya ce ke zartar da ita, manhajar ba ta samun damar adana komai, saboda haka matsayinta na ƙarshe ne. `htop`, da Hisham Muhammad ya fara a 2004, ya fi `top` daɗin kallo, sai dai ya faɗi a ma'auni na biyu tunda sau da yawa sai an sauke shi.

4.5 Ƙunshi, saukewa da kwafin ajiya

A dangin Debian `apt` ne ke girka manhaja, a Fedora `dnf`, a Arch `pacman`. `apt update` jerin abin da ke rumbu kawai yake sabuntawa, `apt upgrade` ne ke sabunta manhajojin kansu. Amfanin wannan hanya shi ne ana tantance sa hannun rumbu kafin a girka, abin da ba a samu idan aka ɗauko rubutaccen umarni daga wani shafi aka zuba shi kai tsaye cikin `sudo bash`.

A inda wutar lantarki da intanet suke yawan yankewa, kuma data take da tsada, umarni uku suna hawa sama a ma'auni na huɗu. `wget -c` yana ci gaba da saukewa daga inda ta tsaya maimakon komawa farko, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga fayil mai gigabayit biyar. `sha256sum` yana tabbatar da cewa abin da aka sauke bai lalace a hanya ba. `rsync`, na Andrew Tridgell da Paul Mackerras tun 1996, abin da ya sauya kaɗai yake kwafa, don haka kwafin ajiya na biyu yakan ɗauki ɗan lokaci kaɗan. Yana da sharaɗi biyu: layin karkace a ƙarshen sunan folda yana sauya ma'ana daga "foldar" zuwa "abin da ke cikinta", kuma kada a sa `--delete` sai an gwada da `-n`, wanda ke nuna abin da zai faru ba tare da an aikata ba. `tar` yana ɗaure folda ta zama fayil guda. `ssh`, da Tatu Ylönen ya rubuta a 1995 bayan an saci kalmomin sirri a cibiyar sadarwar jami'arsu, shi ne ƙofar shiga kwamfuta mai nisa ta hanya mai sirri.

4.6 Gwaji da rubutun Hausa

An gina Unix a kan ASCII, tsari mai alamomi 128 wanda kowane harafi bayit guda ne a cikinsa. Tsarin UTF-8 da Linux ke amfani da shi yau, wanda Thompson da Pike suka tsara a 1992, ya bar waɗancan a bayit guda, amma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ da manyansu kowanne bayit biyu ne. Ana iya ganin haka nan take: `printf 'ƙasa' | wc -c` zai ba da 5, `wc -m` kuma 4. Duk mai ƙirga haruffan rubutun Hausa da `-c` lissafinsa zai haura gaskiya.

Jerin McIlroy yana farawa da `tr -cs A-Za-z '\n'`, wato duk abin da ba harafin Ingilishi ba ne a mai da shi ƙarshen layi. A rubutun Hausa sakamakon ɓarna ne. Kalmar "ƙasa" za ta koma "asa", "baƙi" ta tsage zuwa "ba" da "i", "ma'aikata" ta zama "ma" da "aikata". Mafi muni shi ne inda guntun da ya rage kalma ce mai zaman kanta: "ɗan" zai shiga lissafin "an", "ɗa" ya shiga na "a", "'ya" ta shiga na "ya". Babu saƙon kuskure ko ɗaya, jadawalin zai fito da kyan gani, kuma mai bincike yana iya kai shi cikin kundin digiri. Ƙara haruffa masu ƙugiya a kan `A-Za-z` ba ya magance matsalar yadda ya kamata, domin jagorar GNU da kanta ta bayyana cewa `tr` haruffa masu bayit guda kaɗai yake riƙewa da kyau. Shi ya sa mataki na biyu ma, mai ƙanƙanta manyan haruffa, yake barin Ƙ da Ɗ da Ɓ yadda suke.

A nan ne ra'ayin haɗuwa ya nuna amfaninsa, domin ba sai an watsar da jerin ba. Gaɓa biyun farko za a cire a sa wasu, sai `head` ya maye gurbin `sed` na ƙarshe:

`grep -oE "[[:alpha:]']+" littafi.txt | sed 's/.*/\L&/' | sort | uniq -c | sort -rn | head -20`

`grep` da `sed` na GNU suna bin saitin harshe da yanki, saboda haka muddin saitin na UTF-8 ne suna gane ƙ harafi ce, suna kuma mai da Ƙ ƙarama. Abin da ya rage hukunci ne na mai bincike, na'ura ba za ta yanke masa ba: shin "sannu-sannu" kalma ɗaya ce ko biyu? Idan ɗaya ce, sai a ƙara karan ɗori a cikin zubin neman. Haka nan alamar hamza tana zuwa miƙaƙƙiya a wani rubutu, lanƙwasasshiya a wani, kuma Nijeriya tana rubuta 'y inda Nijar take rubuta ƴ. Dole a daidaita waɗannan da `sed` kafin ƙirga, in ba haka ba "'yan" zai rabu gida uku. Ga rubutun da aka ɗauko daga intanet, inda ake yawan zubar da ƙugiya, `grep -i "[kƙ]ungiya"` zai kamo siga biyun.

Hamza tana da wata matsala ta dabam, domin a wurin tafinta ita ce alamar buɗe zance. Wanda ya buga `cat 'yan-aji.txt` zai ga alamar `>` tana jiransa, tafinta yana neman inda zancen ya rufe. Mafita ita ce a sa sunan cikin alamar zance mai biyu, ko a bar maɓallin Tab ya cika shi. Haka `find . | xargs` yake tsayawa da kuskure idan ya gamu da irin wannan suna, sai an koma ga `find . -print0 | xargs -0`. Littattafan Ingilishi sukan ɗauki wannan a matsayin abin da ba kasafai yake faruwa ba. A foldar Bahaushe kuwa, mai fayiloli irin su "ma'aikata" da "jami'a" da "sana'a", abu ne na kullum.

Jerantawa ma saiti take bi. Da `LC_ALL=C`, `sort` yana bin lambar bayit, sai kalmomin da suka fara da ƙ da ƴ da ɓ da ɗ su koma bayan z, a wannan jeri. Ɗakin karatun C na GNU yana da saitin `ha_NG`, wanda ake kunnawa a Debian da `dpkg-reconfigure locales`, a tabbatar da `locale -a`. Mai shirya ƙamus ko jerin sunayen ɗalibai yana iya amfani da shi domin ɓ ta biyo bayan b.

Akwai kuma gadon tsoffin fon na Hausa irin su Rabi'at, waɗanda suka ɗora haruffa masu ƙugiya a gurbin baka da wasu alamomi. Da zarar an buɗe rubutun a inda babu fon ɗin sai a ga "}asa" da "]aya" da "za~e". Layi guda yana mai da irin wannan rubutu zuwa Unicode:

`sed 'y/}]~{[|/ƙɗɓƘƊƁ/' tsoho.txt > sabo.txt`

Sai dai a lura cewa duk wata baka ta gaskiya da ke cikin rubutun ita ma za ta juye, don haka a fara dubawa da `grep`, kuma a ajiye sakamakon a sabon fayil kamar yadda misalin ya nuna.

5.0 Tasiri ga Tsarin Koyarwa

Bisa ma'aunan huɗu, ana ba da shawarar a sauya jerin da aka saba bi. Bayan `pwd` da `ls` da `cd` da `man`, sai a shiga bututu da karkatarwa tun a zama na biyu, maimakon a jinkirta su zuwa tsakiyar kwas. A koyar da yadda tafinta yake fassara tauraro da alamar zance kafin a ambaci `rm`, a koyar da `ls -l` kafin `sudo`, a koyar da `rsync` kafin ɗalibi ya fara tara aikin da zai ji zafin rasawa. `awk`, na Alfred Aho da Peter Weinberger da Kernighan tun 1977, da editan `vi`, suna iya jira. `nano` ya ishi mai farawa gyaran fayil.

Rashin kwamfuta ba ya hana atisaye, domin manhajar Termux tana ba wayar Android tagar umarni mai Bash da kayan GNU, kuma mafi yawan misalan sashe na 4.2 da na 4.6 suna gudana a cikinta. Ana kuma ba da shawarar rubutun da za a fara ba ɗalibai su ƙirga ya zama na Hausa, mai ɗauke da "ɗan" da "an" a sakin layi guda, su gudanar da jeri biyun, tsohon da gyararren, su kwatanta alƙaluman da kansu.